Wai Yusuf Islam ɗin da muka sani ne wannan da jita a hannu?

Abban Walid: Salamu alaikum mutanen gida. Don Allah a fitar da ni daga duhu. Jiya da daddare ina latse-latsen waya sai na ci karo da bidiyon wani dattijo, gemu fari fat, ya rungume jita a kan dandamali, Turawa maƙil iya ganinka suna yi masa amshi. An rubuta wai bikin waƙoƙi na Glastonbury ne a Ingila, na 2023, mawaƙin kuma Yusuf / Cat Stevens. Na tsaya na ƙura masa ido. Wannan ba Yusuf Islam ɗinmu ba ne, mai "A Is for Allah"? Wanda aka ce mana ya musulunta ya watsar da kiɗa har ya yi gwanjon kayan kiɗansa? Ni da wannan labarin na tashi, a wajen wa'azi ma na sha jin ana kafa misali da shi. To yaushe aka koma gidan jiya?

Maman Ihsan: Wa alaikumus salam. Shi ne, Abban Walid, ba wani ba. Kai ne dai labari bai iso maka da wuri ba. Tun 2006 ya fitar da kundin waƙoƙi mai kiɗa, An Other Cup.

Ɗan Fagge: To ai dama sunansa kyanwa. Tuban muzuru kenan 😂

Maman Ihsan: Haba Ɗan Fagge, ji tsoron Allah. Mutumin bai bar salla ba, bai ce ya fita daga addini ba. Wasa da imanin mutum ba abin dariya ba ne.

Ɗan Fagge: Tuba nake Hajiya, ba irin na muzuru ba. Sunan ne ya ja ni.

Baba Ticha: Ku yara kun san Yusuf Islam, mu kuwa Cat Stevens muka fara sani. Bari in ɗan ja ku baya, ku yi haƙuri da dogon rubutun tsoho.

Ina makarantar horon malamai wani yayanmu ya dawo daga kwas a Ingila da akwati guda na faya-fayan garmaho. A ciki akwai Tea for the Tillerman, na 1970. Har yau ina ganin bangon faifan a idona: wani mai gemu zaune yana shan shayi, yara biyu suna wasa a bishiya. Daga baya na ji ashe shi mawaƙin ne ya zana da hannunsa, don makarantar zane ya fara shiga kafin waƙa ta ɗauke shi. Sai mu bari har yayan ya fita mu lallaɓa ɗakinsa, mu goge faifan da gefen riga, mu ɗora allura a hankali kamar mai ɗora ƙwai.

Asalin sunansa Steven Demetre Georgiou. An haife shi a Landan ranar 21 ga Yuli 1948. Babansa Bagirke ne daga tsibirin Kubrus, mahaifiyarsa 'yar Suwidin. Gidan abinci suke da shi a titin Shaftesbury, tsakiyar unguwar gidajen wasan kwaikwayo, su kuma suna kwana a saman bene. Kun ga yaron da ya tashi yana kai wa baƙi faranti, dare ya yi kiɗa na shigo masa ta taga. Uba ɗan cocin Girkawa, makarantar da aka sa shi kuma ta Katolika. Tun yana ƙarami yake tsakanin gidaje.

Abban Walid: Baba Allah ya ƙara lafiya, ci gaba, muna biye. Shi sunan Cat ɗin daga ina?

Baba Ticha: Shi ya raɗa wa kansa. Ya duba ya ga ba wanda zai shiga kanti ya iya furta Georgiou, wata budurwarsa kuma ta taɓa ce masa idanunsa irin na kyanwa ne. Yana ɗan shekara 18 ya yi suna, waƙarsa "Matthew and Son" ta kai ta biyu a jerin waƙoƙin Birtaniya a farkon 1967. A shekarar ya yi yawon wasa tare da shahararren makaɗin jita Jimi Hendrix. Amma ku ji ƙuruciya: akwai waƙar da ya rubuta, "The First Cut Is the Deepest", ya sayar wa wata mawaƙiya, P. P. Arnold, a kan fam 30. Bayan shekara goma Rod Stewart ya rera ta ta hau ta ɗaya.

Sai tarin fuka ya kwantar da shi. Ya yi watanni a wani asibiti a Midhurst, huhu ɗaya ya kusa tashi daga aiki, sannan ya yi wajen shekara yana jinya a gida. A ganina nan ne mutumin ya canza, ba a 1977 da ya musulunta ba. Yaro mai kwat da gashi a gyare ya shiga asibiti, wani mai gemu da tulin tambayoyi ya fito. Ya fito da waƙoƙi wajen 40 a rubuce, ya koma kamfanin faya-fayai na Island, ya rage tarkacen kiɗa ya bar jita da murya. Yawancin waƙoƙin da duniya ta san shi da su bayan wannan ciwon suka zo, "Wild World", "Peace Train", "Moonshadow". Wanda ya saurara da kunnen basira zai ji mutum ne mai neman hanya bai same ta ba tukuna.

Abu Hafsa: Baba, da girmamawa, tarihin ya yi daɗi amma kada daɗinsa ya rufe mana asalin tambayar. Allah ya tsamo bawan nan daga teku a zahiri, ba a misali ba. Yana iyo a gaɓar Malibu igiyar ruwa ta ja shi, ya ga mutuwa ƙuru-ƙuru, ya yi alkawarin in Allah ya kuɓutar da shi zai yi masa aiki, wata igiyar ta turo shi gaɓa. Shi da bakinsa yake ba da labarin. Bayan nan yayansa ya dawo daga Kudus ya kawo masa fassarar Alƙur'ani. Ya karɓi kalmar shahada a babban masallacin Landan na Regent's Park ranar 23 ga Disamba 1977, a 1978 ya zaɓi suna Yusuf saboda ƙissar Annabi Yusuf (AS) ta taɓa shi, ya ga kansa a wanda aka kai kasuwa aka sayar. Mutumin da ya fahimci cewa harkar waƙa kasuwar sayar da mutum ce, ya fita da ƙafarsa, ya yi sama da shekara 20 bai taɓa jita ba, me zai mayar da shi? Hadisin Bukhari a fili yake: za a samu wasu daga al'umma da za su halatta zina da alhariri da giya da kayan kiɗa. Ibn Mas'ud kuma ya fassara "lahwal hadis" na Suratu Luƙman da waƙa. Ni ban ce ya kafirta ba, Allah ya tsare ni. Na ce ya yi baya bayan ya yi gaba.

Mai Nazari: Malam Abu Hafsa, akwai abu guda da masu kafa misali da shi a mumbari ba sa faɗa. Lokacin da ya musulunta ya tambayi limamin masallacin, limamin bai hana shi waƙa ba, ya ce masa in dai abin da yake faɗa mai tsabta ne ya ci gaba. Wasu ne daban suka riƙa kawo masa maganar haramci, shi kuma sabon shiga, ba shi da ilimin da zai tantance, sai ya zaɓi ya kauce gaba ɗaya. Ga shi dama ya gaji da rayuwar, giya, mata, kamfani na matsa maka ka fitar da faifai ko kana da abin faɗa ko babu. Wato tsantseni ya yi, ba fatawa aka yanke masa ba. Wanda ya bar abu don tsantseni, ya yi shekaru yana karatu, ya gano mas'alar akwai saɓani a cikinta, ya ɗauki ɗaya fahimtar, ba a ce masa ya yi baya. Ibn Hazm bai yarda da ingancin hujjojin haramcin ba. Imam Gazali a Ihya ya yi dogon babi a kan sauraro, a zamaninmu kuma Ƙaradawi ya halatta da sharuɗɗa.

Abu Hafsa: Malaman hadisi sun yi wa Ibn Hazm raddi a kan wannan hadisin tun tuni, Ibn Salah na cikinsu. Kuma kada ka jingina da Gazali, don ko shi da ya sassauta a kan sauraro ya ware kayan kiɗa masu tsirkiya ya ce ba su halatta ba. Jita kuwa tsirkiya ce da ita har shida.

Mai Nazari: Wannan ka yi gaskiya, na janye Gazali daga kan jita. Sauran dai suna nan.

Almajirin Zaure: Ni abin da na karanta a Risala gaban malaminmu shi ne bai halatta ka yi nufin sauraron kayan wasa da waƙa ba. A kan wannan muka tashi. Amma fa mu ji tsoron Allah mu faɗi gaskiya, wanne ne a cikinmu wayarsa ba waƙa? Ranar bikin ƙanwata da DJ aka yi, waɗanda suka fi kowa tsanani a unguwa ƙofar gida kawai suka koma, ba su bar cin shinkafar ba. In za mu yi wa Bature hisabi mu fara da aljihunmu.

Abu Hafsa: Aikin mutane ba hujja ba ne, Malam. Ko duk gari na yi, hukunci na nan inda yake.

Anti Binta Landan: Ku ba ni dama in sa baki, tunda ni kusa da abin nake zaune. Ina bi ta gaban makarantar Islamia da ke Queen's Park, a gundumar Brent, kusan kullum in zan tafi aiki. Da safe za ka ga iyaye sun yi cincirindo a bakin ƙofa, Somaliyawa, 'yan Pakistan, Larabawa, har da namu 'yan Afirka ta Yamma, yara mata da ƙananan hijabai suna jan jakunkuna. Shi ya kafa ta a 1983 da yara ƙalilan. Ku da ke gida ba za ku gane girman abin ba, don ku Islamiyya a kowane lungu take. A nan coci na da makarantun da gwamnati ke biya, Yahudawa na da su, Musulmi kuwa an yi ta nema ana hana su. Sai a 1998 gwamnati ta amince, Islamia da wata a Birmingham suka zama na farko. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar agaji ta Muslim Aid a 1985, daga baya ya buɗe tasa, Small Kindness, mai kula da marayu.

Tambayata ga Malam Abu Hafsa ita ce: da wane kuɗi aka yi wannan? Duk shekarun da ya ajiye jita, tsofaffin faya-fayan ba su daina sayuwa ba, kuɗinsu na shigo masa. Mu da muke tafa masa cewa ya bar kiɗa, ba mu taɓa tambayar inda kuɗin aikin alherin ke fitowa ba.

Ɗan Fagge: Kai! Anti ta jefo dutse cikin kasuwa.

Abu Hafsa: Tambaya ce mai nauyi Hajiya, ba zan yi gaggawar amsawa ba. Abin da na sani, wanda ya musulunta ba a bin diddigin dukiyar da ya tara kafin musuluntarsa. Wanda ke ci gaba da shigowa bayan nan kuwa sai na tambayi na gaba da ni.

Maman Ihsan: Allah ya saka da alheri Malam, wannan ita ce amsar mai ilimi. Ni dai ta ɓangaren yara na san shi. Lokacin da nake koyarwa a wata Islamiyya muna da kaset ɗin A Is for Allah, wanda ya fito a 2000. Rediyon makarantar murfinta ya karye, sai an tokare da tsinken ashana take juyawa. Da zarar na danna, aji ya yi tsit, yaran da ba su iya Turanci ba suna bi baƙi bayan baƙi. Ita waƙar tun wajen 1980 ya yi ta don 'yarsa ta fari, yana so abin da za ta fara koya ya zama sunan Allah, ba tuffa ba kamar yadda littattafan Turawa ke farawa. Kafin wannan kuma akwai The Life of the Last Prophet na 1995, tarihin Manzon Allah (SAW), da ɗala'al badru a ciki. Abin lura shi ne ko a lokacin bai daina rera ba, murya da ganga yake amfani da su. A hankali ya riƙa dawowa, ba dare ɗaya ba.

Mai Nazari: Haka ne, kuma yaƙin Bosniya na cikin abin da ya motsa shi. Ministan harkokin wajensu, Irfan Ljubijankić, likita ne mai rubuta waƙa, an harbo jirginsa mai saukar ungulu a 1995. Waƙarsa ce ta sa Yusuf ya haɗa kundin I Have No Cannons That Roar. Ya ga mutanen da ake yi wa kisan kiyashi suna riƙe kansu da waƙa. Jitar kuwa ɗansa ne ya shigo da ita gida a Dubai, a farkon shekarun 2000. Dattijon ya tashi wata safiya kowa na barci, ya gan ta a ajiye, ya ɗauka, yatsu suka tuna hanya. Hujjar da yake yawan kawowa ita ce Musulmin Andalus na da hannu wajen shigar da irin wannan kayan kiɗa Turai ta hanyar udu, wato molon Larabawa. Har littafi ya rubuta a 2014 don amsa wa Musulmi masu irin tambayar Abban Walid, Why I Still Carry a Guitar.

Abu Hafsa: Cewa Musulmi ne suka kai abu wani wuri ba ya halatta shi. Wannan hujjar tarihi ce, ba ta fiƙihu ba.

Mai Nazari: Ban musa ba. Amma ka duba lokacin. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 Musulmi a Turai ya zama abin tsoro. Shi kansa a Satumban 2004 yana cikin jirgi daga Landan zuwa Washington aka karkatar da jirgin zuwa Bangor a jihar Maine, aka sauke shi, aka mayar da shi Ingila wai sunansa na jerin waɗanda aka hana shiga. Sai da ministan harkokin wajen Birtaniya, Jack Straw, ya kai ƙorafi wurin takwaransa na Amurka, Colin Powell. Jaridun The Sun da Sunday Times suka rubuta abin da ke nuna yana goyon bayan ta'addanci, ya bi haƙƙinsa, suka biya diyya suka ba da haƙuri a 2005, ya ba da kuɗin ga marayun tsunami. Mutum a wannan hali ya duba ya ga lacca ba ta shiga kunnen Bature, amma in ya ɗauki jita dubban mutane za su tsaya su ga Musulmi mai gemu yana kiran zaman lafiya. Za ka iya cewa ijtihadinsa kuskure ne, amma ba neman suna ba ne, sunan ai ya riga ya ƙoshi da shi.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa daga Nijar. Ina karantawa tun ɗazu. Ba wanda ya taɓo maganar Salman Rushdie, marubucin da Khumaini na Iran ya yi fatawar a kashe shi saboda littafinsa, alhali ita ce ta fi ɓata shi a wurin Turawa, ba jita ba.

Mai Nazari: Gaskiya ne. A Fabrairun 1989 yana jawabi ga ɗalibai a Kingston aka tambaye shi game da fatawar Khumaini, amsar da ya bayar jaridu suka buga cewa ya goyi bayan kisa. Ya sake wasu kalamai a wani shirin talabijin da suka ƙara hura wutar. Gidajen rediyo a Amurka suka daina sa waƙoƙinsa, ƙungiyar mawaƙa ta 10,000 Maniacs ta cire "Peace Train" daga kundinta. Shi dai tun lokacin yana cewa bai taɓa goyon bayan fatawar ba, bayanin hukunci ya yi a matsayin ɗalibi, na talabijin kuma ba'a ce da bai kamata ya yi ba. Har yau akwai waɗanda ba su karɓi wannan bayanin ba, shi Rushdie na cikinsu.

Admin: Jama'a, wannan reshen a tsaya nan don Allah. Mun san inda yake kai mu. A koma kan mawaƙin.

Anti Binta Landan: Abin da ke ba ni tausayi da shi kenan. Turawa na cewa ya yi tsauri, mu muna cewa ya yi sako-sako. Da ya tashi dawowa ma sunan ya zame masa aiki. A 2006 Yusuf kawai ya sa a bangon kundi, daga baya ya koma haɗa biyun, Yusuf / Cat Stevens. A 2014 aka shigar da shi Rock and Roll Hall of Fame, zauren karrama manyan mawaƙa a Amurka.

Abban Walid: To ni yanzu kun ƙara rikita ni. Na shigo da tambaya ɗaya na fita da biyar. Abin da ya fi tsaya min shi ne mu aka ba rabin labari. An kai mu har inda ya yi gwanjon jita aka rufe littafin.

Abu Hafsa: Rabin da aka ba ka shi ne abin koyi. Ina nan a kan bakana, kuma ina yi masa addu'ar cikawa da imani, mu ma haka.

Maman Ihsan: Amin.

Baba Ticha: Amin. Na je sallar la'asar na dawo na tarar kun yi nisa. Hukunci na bar wa malamai, ni ba fagena ba ne. Waƙa ɗaya kawai zan yi magana a kai, "Father and Son". Asali don wani wasan kwaikwayo a kan juyin juya halin Rasha ya rubuta ta, ɗa na son tafiya, uba na so ya zauna a gona. Wasan bai yiwu ba, waƙar ta rayu. Shi kaɗai yake yin muryoyin biyu, ya yi ƙasa da murya in uban ne, ya ɗaga ta in ɗan ne.

Lokacin da na fara jin ta ina rigima da mahaifina, Allah ya jiƙansa. Yana so in gama in dawo ƙauye in yi aure in kama gona, ni kuma ido na kan jami'a. Duk sanda aka zo wurin ɗan sai in ji kamar ni aka leƙa aka rubuta. Baitocin uban kuwa haƙuri kawai nake yi su wuce.

A 2020 ya sake rera kundin da waƙar ke ciki, Tea for the Tillerman, gaba ɗaya don cikar kundin shekara 50. Da aka zo wannan waƙar sai aka ɗauko muryarsa ta 1970 ta zama ɗan, shi kuma da muryar tsufa ya yi uban. Autana ne ya sa min a waya, shi da watanni ke nan yana damuna zai tafi Legas neman aiki ina cewa ya dakata. Muna zaune a tabarma ɗaya, wayar a tsakaninmu. Wallahi wannan karon baitocin yaron ne na ƙosa su wuce.

Ɗan Fagge: Baba to an bar shi ya tafi Legas ɗin?

Baba Ticha: Yana can wata na huɗu. Bai aiko ko sisi ba tukuna.

Abban Walid: Wani ya taimaka ya sako mana ta 2020 ɗin mu ji.

Admin: Ba a sa kiɗa a gidan nan, doka ta 3. Mai so ya bi Baba ta bayan fage.

Baba Ticha: Kada ku biyo ni, ban iya turawa ba. Sai yaron ya zo hutun salla.